Ludayin Inna Batulu

"Ba da yawuna ba! In dai ni na haihe ki, wuƙa ba ta taɓa cikinki!"

Inna Batulu ce ke faɗa a tsakar gidan surukinta Sufyan a Bagudo. Kubura, autarta, na zaune a kan katifar da aka shimfiɗa mata a inuwa, don kujerun gidan sun daɗe da daina ɗaukarta. Kanta na sunkuye, numfashinta na fita da ƙyar.

Sufyan ya durƙusa.

"Inna, ki yi haƙuri ki saurare ni. Likita ya ce sukari da hawan jini sun kama ta, zuciyarta ta gaji. Mun yi magani, mun yi ƙa'idar abinci, duk a banza. Tiyata ce, tumbin kawai za su rage."

"In sun rage, mi za ta ci?"

"Da farko... kamar cikin ƙaramin ludayi."

"Ludayi!" Inna ta riƙe baki. "Ɗiyata, da ludayi awa jinjira? Duniya ta ce mijinta ya gaza, uwarta ta sa ido? Wagga ƙiba ni na gina ta da hannuna!"

Gaskiyarta kuwa. A tungarsu da ke ƙetaren kogin Kwara, ɓangaren Benin, in mace ta je wankan jego gida ta koma wa miji a rame, uwarta ta sha kunya har ta mutu. Kubura kuwa siririya ce da, mata na tsokanarta wai iska za ta ɗauke ta. Da ta haifi Aminat, Inna ta ɗaura ɗamara: fura da nono, kunun kanwa, man shanu, har da 'yan ƙwayoyin sha-ka-fashe na kasuwar bakin iyaka. Ranar da ta dawo ta cika ƙofar ɗaki aka yi ta guɗa. Ba wanda ya san ƙibar ba za ta tsaya nan ba.

Bayan Inna ta koma tunga, Sufyan ya zauna kusa da matarsa ya kama hannunta.

"Hasken idona, ki ce wani abu mana."

"Mi zan ce, Baban Aminat? Uwata ce."

"Ni kuma fa? Ina son ki da ƙiba, ina son ki ba ƙiba. Abin da ban iyawa shi ne in rasa ki!"

"Ni ma tsoro nike ji... Ko sujada ban iyawa yanzu. Amma ya zan kwanta gaban wuƙa uwata na fushi da ni? In ban tashi ba fa?"

 Ya juya kai don kada ta ga hawayensa, ita kuwa ta riga ta gani.

Haka damina ta shigo, magana na nan inda Inna ta ajiye ta.

Wata safiya aka bugo waya daga tunga: Inna ba lafiya, jiki ya yi tsanani, ba wanda take kira sai Auta. Sufyan ya ɗauko shatar mota suka kama hanyar Dole Kaina, inda ake shiga jirgin ruwa.

Mota ba ta isa bakin ruwa. Ɗan rairayin nan da yara ke tsallakewa a guje, Kubura ta tsaya hutawa a cikinsa ya fi a ƙirga, gumi na zuba, ƙirjinta kamar an ɗora dutsen niƙa. Da suka isa, babban jirgi ya riga ya tashi, sai ƙaramin kwalekwalen wani dattijo, Na'Allah. Ta ɗora ƙafa ɗaya, kwalekwalen ya karkata har ya sha ruwa. Ta sake gwadawa, gwiwarta ta ƙi, ta zube a cikin taɓo.

Na'Allah ya kawar da kai.

"Ɗiyata, ki gahwarce ni. Ruwa ya cika. In na ɗauke ki, ban da tabbacin mu kai."

Kubura ta dubi ƙetare. Ga bishiyoyin can tana hange, ga hanyar gidan da aka haife ta. Ta fashe da kuka, ba ta damu da masu kallo ba.

"Tahi kai, Baban Aminat! Tahi ka ce mata ga ni nan bakin ruwa... ka ce mata na zo!"

Ta wuni a gindin bishiya, idonta a kan ruwa. Da la'asar kwalekwalen ya dawo. Tun daga nesa ta ga Sufyan ya cire hula ya riƙe a hannu, sai ta fara salati.

Ya durƙusa a gabanta, idanunsa jajur.

"Na same ta da rai, Kubura. Ta tambaye ni ina Auta, na hwaɗa mata gaskiya. Ta daɗe tana kuka. Ta ce, 'Ashe ni na tsare ɗiyata bakin ruwa.'"

Ya zaro wani abu daga aljihu, a naɗe da tsumma. Ƙaramin ludayin duma ne, ya yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsagewar bakinsa da zare.

"Ta sa an ciro shi cikin kwallar kayanta. Ta ce da shi ta hwara ba ki kunu da ta yaye ki, kuma kin rayu. Ta ce ki tahi a yi aikin, ta yahe, ta sa albarka."

Kubura ta karɓa ta rungume shi a ƙirji. Izinin da ta yi wata da watanni tana jira ga shi ya zo, mai bayarwar kuwa an riga an rufe ta a ƙetare, ba ta ko ga fuskarta ba.

"Bayan addu'ar bakwai ka kira likita," ta ce da ƙyar.  "Amma in na tashi... wa zai ba ni kunun? Ita ke man jinya kullum."

Sufyan ya ɗora hannunsa a kan nata, da ludayin a tsakani.

"Ni zan ba ki, Auta."

Bai taɓa kiranta da sunan nan ba. Ta kifa kai a kafaɗarsa ta ci gaba da kuka, Na'Allah kuwa ya ja kwalekwalensa gefe ya ɗaure.