Shayin Baba Garba

Kwana arba'in da binne Baba Garba, ana gab da magariba, dutse na farko ya faɗo tsakar gidansa a Taloka. Matarsa Inno ta ɗauka ta duba. Jiƙe yake sharkaf, alhali rani ne.

Tun yana saurayi tsohon ke haye gulbin Rima da gora zuwa fadamar albasarsa, ko tari bai taɓa yi a ruwa ba. Ranar da aka tsamo gawarsa, ɗansa Halliru ne ya fara cewa aljanar gulbi ta ja shi. Gari ya ɗauka. Inno ma ta yarda, don ba ta taɓa ƙaryata ɗanta ba.

Duwatsu suka yi ta zuwa, kullum da faɗuwar rana, kullum a jiƙe. Ran na bakwai autarsu Habi tana tankaɗe ta faɗi, ruwa na tsiyaya daga kitsonta. Ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

Aka kira Malam Shafi'u daga Wurno. Ya zauna ya yi karatu har gumi ya keto masa, sannan ya ce, "Ke wa ta? Mi kika so ga ɗiyag ga?"

"Ni ta wadda kunka yi ma ƙazahi," in ji muryar. "Shekara hamsin ina gyara ma Garba hanya. Rannan har na tallabe shi, jikinai ya yi nauyi, idonai na lumshewa. Ba ni ci shi ba. Ku tambayi mai sa mashi ƙwaya."

Kaji ma suka shige akurki.

"In an hwaɗi, kina hita?" in ji Malam.

"Shi hwaɗi gaban uwatai. In ya ƙiya, da ɗiyar za ni koma gulbi."

Halliru ya dubi ƙofa, ya dubi ƙanwarsa da numfashinta ke sarƙewa kamar mai nutsewa. Ya durƙusa. "Tiramol ta, Inna. Ƙarhinai ya rage, ban-ruwa ya hi ƙarhina ni ɗai. Ina jehwa mashi biyu, bai sani ba. Rannan huɗu nis sa."

Habi ta yi atishawa uku, ta kwanta lakwas. Dutse bai sake faɗowa ba.

Inno ba ta yi kuka ba. Abin ya fi ƙarfin kuka. Ɗan da ta goya, wanda ya zauna karɓar gaisuwa yana share hawaye yana zagin aljana!

"Cikin mi kaka sa mashi?" ta tambaya a hankali.

"Cikin hwalas ɗin shayinai."

Ta ɗaga tafin hannunta na dama, ta jima tana kallonsa.

"Ni ka dahwa shayin ga, Halliru," ta ce. "Kullum ni ka miƙa mashi, in ce shi shanye kahin shi shiga ruwa."