Jif Ɗin da Ta Sauko Shiru

Da hantsi aka kira Sufeto: wata jif mai janye da tankin ruwa ta ƙwace a gangaren da ake gyara, ta take ma'aikacin da ke ɗaga tuta a ƙasa. Ko shurawa bai yi ba, bawan Allah.

Direban, wanda ake kira Dogo, yana zaune a bakin kwalbati ya dafe kai.

"Birki ne ya tsinke, ranka ya daɗe. A ƙaramar giya na sauko, duba ka gani."

Sufeto ya leƙa. Tabbas giya tana ta ɗaya. Amma da ya tsuguna gindin taya, ƙauri ya buge shi. Birkin ya ƙone ƙurmus. Ya tsuke fuska. Motar da giya ke riƙe da ita, me zai toya mata birki haka?

"Wa ya yi maka gyara?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Yayana. Bakanike ne."

Kafin a neme shi, sai ga yayan a caji ofis, hannunsa duk baƙin mai.

"Ni ne mai laifi. Tsohon birki na mayar mata. Ku rufe ni, ku sallami yaron nan, matarsa na da tsohon ciki."

Kofur ɗin da ke aiki da Sufeto har ya ɗauko ankwa, wai aiki ya zo da sauƙi. Sufeto ya galla masa harara. Ya sa aka kwance tayar a gabansa. Birkin sabo fil, zafi ne kawai ya cinye shi.

Abin ya ba Sufeto haushi ƙwarai. Mutum ya mutu, ga wani na neman ɗauri da ƙarya! Ya rantse ba zai kai marar laifi kotu ba. Ya taka har saman gangaren, wurin ɗaya mai tutar, abokin aikin mamacin.

"Me ka ji lokacin da ta wuce ka?"

"Ai abin da ya ɗaure mini kai ke nan, Yallaɓai. Ban ji komai ba. Mota mai nauyi in za ta sauka, gurnani take kamar za ta fashe. Wannan kuwa suuu, kamar keke."

Sufeto ya dawo ya haɗa 'yan'uwan a ɗaki ɗaya.

"Dogo, a firi ka sake ta, ba giya. Ka kashe inji don tattalin mai, tanki na tura ka, ka yi ta taka birki har ya sallama. Bayan ka kashe mutum ka tura giya ta ɗaya."

"Wallahi…"

"Bar rantsuwa. In ka nace, maganar yayanka ce za ta je gaban alƙali. Kisa ne fa. Zaɓi."

Bakanike ya miƙa hannuwansa biyu. "Sa mini, Yallaɓai."

Dogo ya fashe da kuka. "Ni ne! Kullum haka nake yi, ban taɓa samun matsala ba. Yaya, sauke hannunka."

Yayan bai sauke ba sai da Kofur ya ture hannuwan gefe, ya ɗaura wa Dogo ankwa.

A bakin ƙofa Dogo ya waiwayo. "Yaya, in ta haihu, kai za ka yi wa jaririn huɗuba."

Bakanike ya gyaɗa kai. Kofur ya ja Dogo suka wuce.