Ranar da Dokta Renquist Ya Sallami Corinne

"Sake faɗa in ji!"

Corinne ta daki tebur har kwalbar alewa ta yi tsalle.

Shelby, sakatariyar asibitin, ta ci gaba da taunar cingam. "Na ce Dokta Renquist ya sallame ki. Daga yau wurin Dokta Olmstead za ki riƙa zuwa. Ƙila ya gaji da masu zuwa gyaran baya da jan-baki."

Duk garin Davenport an san Shelby ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Dokta Renquist, shi kuwa ko a jikinsa.

Ciwon Corinne a tsakiyar baya yake, tsarabar tsayuwar shagon gyaran gashi. Da rana sai ya yi lamo kamar mutumin kirki, tana kwanciya ya taso ya yi ta cin ta har asuba. Ta sauya katifa, ta sha ƙwayoyi har ta gaji. Tobias Renquist, likitan gyaran ƙashin baya, shi ya lalubo wurin ya danna, ji kake ƙas! Ya koya mata kwanciya ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi. A hannunsa ta sake sanin daɗin barci, a can kuma zuciyarta ta tare ba ko sallama.

Yanzu ga barcin zai kuɓuce mata, ga mutumin.

Ta banka ƙofar ofishinsa.

"Me na yi maka?"

"Corinne, zauna..."

"Ba zan zauna ba! Motsa jikin da ka ba ni kullum sai na yi! Na daina kwanciya rub da ciki! Har takalmana masu tsini na kyautar saboda kai!" Muryarta ta karye. "Shi ne za ka yar da ni?"

Ya cire tabarau, kunnuwansa sun yi jajur.

"Dokar aikinmu ta hana likita neman wadda yake dubawa. Muddin ina duba ki, ko kofi ba ni da ikon gayyatarki sha."

Corinne ta zaro ido.

"Kofi...?" ta ce can ƙasa.

"Kofi. Da duk abin da ke biyo bayansa, har coci."

Wayyo daɗi! Sai ga ta a kan kujerar da ta rantse ba za ta zauna ba. A bakin ƙofa kuwa Shelby, da ta kasa kunne, ta haɗiye cingam ɗinta.

"Amma sai mun jira," ya ce. "Ba a sallamar mutum yau a neme shi gobe. Za ki iya?"

"Gwada ni ka gani!"

A gida aka yi ta. Mamanta Lorraine tsohuwar nas ce, irin waɗanda ba su taɓa yarda masu gyaran baya likitoci ba ne.

"Mai ƙas-ƙas? Duk samarin jihar Iowa ki rasa wanda za ki kwaso sai mai murɗe wuyan mutane?"

"Mama, yaushe rabon da ki ji ina kuka da bayana?"

Lorraine ta juya ta huce haushinta a kan tukwane.

Jira kam an sha shi. Ƙanƙara ta zo ta narke, aka shuka masara har ta fi mutum tsawo. Dokta Olmstead tsohuwa ce mai hannu kamar na maƙeri, ta ƙarasa aikin tsaf. In Corinne ta haɗu da Tobias a hanya, hannu kawai yake ɗaga mata daga cikin mota. Shelby ta baza a gari cewa ya manta da ita, Corinne ta sha kuka a ɓoye, amma ba ta kira shi ba ko sau ɗaya, don kada ta jawo masa asarar lasisi.

Wata Lahadi bayan an taso coci, mota ta tsaya a ƙofar gida.

Lorraine ce ta buɗe. Ta kalle shi sama da ƙasa, shi da furanninsa.

"Kai ne ka sa 'yata barci, ka kuma sa ta kuka? Shigo. Amma ka taɓa min wuya, sai na kira 'yan sanda!"

Corinne ta sauko da gudu.

"Lokaci ya cika, masoyiyata," ya ce.

Ya kamo hannunta. Mutumin da ya sha danna bayanta ko gezau, yau yatsu kawai sun gagare shi riƙewa.

"Dokta... hannunka rawa yake!"

"Yau babu dokta. Tobias ne, kuma tsoro yake ji." Ya durƙusa. "Corinne, za ki aure ni?"

Hawaye suka hana ta magana, sai kai take ta gyaɗawa.

Daga kicin Lorraine ta ɗaga murya tana sharce hanci.

"Ta yarda! Tashi, ɗana, abinci na hucewa!"