A Nagoya Sunansa Kenta

"Ba zan bi ka ba, Baba! Sau nawa zan faɗa?"

Baba Osvaldo bai ɗago kai ba. Yana durƙushe a tsakiyar ɗan falon nasu, yana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gugar ƙarfe a kamfanin kayan mota a nan Hamamatsu ta ƙasar Japan, har idanunsa suka gaza, likita ya ce aiki ya ƙare. Saura kwana tara jirginsa ya tashi zuwa Brazil.

"Ni ma ban ce dole ba, Talita. Tambaya ɗaya na yi miki."

"Tambayar da ba kai ba gindi!"

"Yaron nan, ya taɓa shigar da ke cikin abokansa Japanawa?"

"Haba Baba... Fabrício fa! Wanda kowace Lahadi yake zaune a teburin nan yana cinye maka soyayyen fastel guda shida?"

"Bakwai," in ji tsohon. "Cikinsa na sani, 'yar Baba. Zuciyarsa ce ban sani ba."

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa da ƙarfi. Ƙofar takarda ce, ba ta buguwa, abin da ya ƙara mata haushi ke nan.

Tana son mahaifinta, wannan ba abin musu ba ne. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne kawai. Tunanin ya sauka a garinsu Londrina shi kaɗai, yana laluben hanya da idanun da ba sa gani sosai, yana hana ta sakat. Amma ta riga ta yi wa Fabrício alkawarin zama, shi kuma ya yi mata na aure.

A motar kamfani suka haɗu shekara biyu da suka wuce. Ita tana layin zuba shinkafa a inda ake shirya abincin kwali, shi yana ɓangaren lodi. Wata safiya tana gyangyaɗi sai ta ji an zura mata abin jin waƙa a kunne ɗaya.

"Saurari wannan. In ba ki so ba, ki mare ni."

Ba ta mare shi ba.

Kafin ranar, ita dai waƙa a wurinta ita ce ta gida, wadda ake kunnawa a wurin gashin nama ranar hutu. Wannan kuwa daban ce. Jita ce mai ƙara kamar za ta tsage, ganga tana binta a guje, sai muryar wata yarinya siririya tana waƙa kamar mai ba da haƙuri. Ya ce mata rok ne, amma na ƙananan ƙungiyoyi masu cin gashin kansu, mutum uku ko huɗu, ba kamfani a bayansu, su buga faifansu su sayar da hannunsu.

Daga nan ta kamu. Kullum da sabuwar ƙungiyar da zai kawo mata, wata daga Osaka, wata daga wani ƙauyen da ko a taswira sai an wahala. Da waƙoƙin nan ta gyara Japanancinta. Da su ta fara jin cewa ƙasar nan da ta ɗauka sanyi ne kawai da sallamar aiki, ashe akwai masu ciwo irin nata a ciki.

Shi ma yana da tasa ƙungiyar a Nagoya, mai wani suna da in an fassara shi zai zama Kifi a Kan Rufi. Masu irin wannan kiɗa dai ba sa raɗa sunan masu hankali. Shi ne mai jita, shi ne mai waƙa. Sai dai bai taɓa bari ta je kallo ba.

"Dokar ƙungiya ce, rabin raina. Ba a kawo budurwa. Ki bari mu yi ƙarfi tukuna."

Ta yarda, don mai so ba ya wahalar yarda.

Amma tambayar Baba ta tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi. Ranar Lahadi su Fabrício suna da wasan rana, ƙarfe ɗaya. Ta tashi da sassafe ta murza fulawa, ta soya fastel mai nama, samosar 'yan Brazil, har guda ashirin, ta jera a kwali. Ta san al'adar wurin, masoyan ƙungiya sukan kai wa makaɗa ɗan abin taɓawa. Baba yana kallonta daga kan kujera.

"Zan kawo maka hoto ni da abokansa," ta ce tana sa takalmi. "Sai ka nemo wata tambayar."

"Allah ya kiyaye hanya."

Wurin wasan a ƙarƙashin wani shagon wanki yake a Nagoya, sai an sauka matattakala mai duhu wadda aka manne bangonta da takardun talla. A ƙofa wata yarinya mai koren gashi tana zaune da takarda da biro. Kamar yadda ake yi wa duk mai shiga, ta tambaye ta, "Wa kika zo gani?"

"Fabrício," Talita ta ce, har da murmushinta.

Yarinyar ta bi takardar da biro sama da ƙasa. "Ba mu da mai wannan suna yau."

Talita ta nuna shi a hoton da ke bango.

"Au, Kenta! Morishita Kenta. Bismillah, shiga."

Abin bai dame ta ba. Su jikokin Japanawan da suka yi hijira Brazil kusan kowa suna biyu gare shi, na can da na nan. Ita ma tana da nata, sai dai ba ya yi mata amfanin komai. Fatar mahaifiyarta ta ɗauko da gashinta mai murɗe-murɗe, daga nesa ake gane baƙuwa ce. Fabrício kuwa fuskarsa ta kakanninsa ce tsaf, kuma yana da shekara shida aka kawo shi Japan.

Mutanen ciki ba su fi hamsin ba. Ta raɓe a baya, ta rungume kwalinta.

Da suka fito, sai ta ga kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Yaron lodi mai yawan hamma ya zama wani abu dabam, jita tana kuka a hannunsa, mutane suna kaɗa kai kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Ƙarar tana dukan ƙirjinta. Alfahari ya cika ta har ta ji kamar ta yi ihu ta ce nata ne!

Kafin waƙar ƙarshe ya matso bakin lasifika yana haki.

"Wannan na rubuta ta ne saboda wata. Hannunta kullum ƙanshin shinkafa yake yi. Ita nake so na aura."

Wuri ya ɗauki tafi da fito. Talita ta toshe bakinta, hawaye suka zubo. A kicin ɗin su Talita ya haɗa waƙar nan, tana wanke-wanke yana zaune a kan bokiti. Ina ma Baba yana nan ya ji da kunnensa!

Da aka kunna fitilu, 'yan ƙungiyar suka koma bayan ɗan teburin da suke sayar da faifai. Ta bi layi, zuciyarta tana tsalle. Da ta iso gabansa ta ajiye kwalin, ta yi masa magana da harshen gida.

"Masoyina... ka kashe ni yau!"

Ya ɗago. Ta ga lokacin da jinin fuskarsa ya janye.

Bai fi ƙiftawar ido ba. Sai ya miƙe tsaye, ya rusuna, ya amsa da Japananci irin na masu shago.

"Mun gode ƙwarai da kika zo."

Ta yi dariya, a zatonta wasa ne.

Mai gangar, wani dogo mai suna Isamu, ya leƙo. "Kai, Kenta! Har 'yan ƙasar waje sun fara binmu! Me ta ce?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Ina jin yabo ne."

Dariyar ta mutu a bakinta.

Isamu ya buɗe kwalin, ƙanshi ya tashi. Ya ɗauki ɗaya ya gatsa. "Wai! Wannan abincin 'yan Brazil ne, ko? Irin na shagunansu na Hamamatsu. Ka taɓa ci, Kenta?"

"Ban taɓa ba."

"To ci mana, kar ka ba baƙuwa kunya!"

Ya ɗauka, ya ɗan gutsura kamar mai tsoron yaji, ya gyaɗa kai. "Da daɗi. Abin mamaki."

Talita ta tsaya tana kallon bakin nan. Bakin da ya cinye na mahaifinta Lahadi bayan Lahadi, yana lashe yatsu yana cewa ko mahaifiyarsa ba ta iya irinsa ba.

"Sa mata hannu a faifai mana," Isamu ya ce. "Kyauta, saboda abincin."

Ya zare murfin biro. Ya yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa wanda bai iya yare ba.

"Sunanki... yaya... ake rubuta shi?"

Ba ta san lokacin da ta juya ba.

Ta kai tsakiyar matattakala ta ji an riƙo hannunta. Yanzu harshen gida ya dawo masa, amma da raɗa, yana waiwayen ƙofa.

"Talita, tsaya! Don Allah tsaya! Me ya kawo ki? Ba na ce kar ki zo ba?"

"Au, laifina ne?"

"Ba haka nake nufi ba, zuciyata..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan! Ba su san kai ɗan Brazil ba ne?"

Ya sake waiwayar ƙofar.

"Shekara nawa kuna tare?"

"Biyar."

"Biyar! Mamarka fa, Dona Neide? Me ka ce musu a kanta?"

"Na ce iyayena suna ƙauye... ba sa son hayaniya."

"Matar da ke tashi ƙarfe huɗu ta dafa maka abincin tafiya aiki!"

"Ke ba ki san abin da na sha ba!" Idanunsa sun kaɗa. "Kin zo da girmanki. Ni a makarantarsu na tashi. Takalmina a kwandon shara nake tsintarsa. Ba mai zama kusa da ni wajen cin abinci. Ranar da na daina amsa Fabrício, ranar na zama mutum. A cikin ɗakin can ba wanda yake kallona a matsayin baƙo, waƙata kawai suke ji. Akwai wani kamfani da ya fara nemanmu. Shekara ɗaya, Talita. Ki ba ni shekara ɗaya!"

Tausayinsa ya tsarga mata, kuma ta ji haushin kanta da ta ji shi.

"Bayan shekarar fa? Gashina zai miƙe? Fatata za ta canja?"

"Za mu je ofishin gari mu yi rajistar aure, mu biyu, ba surutu..."

"A ɓoye ke nan. 'Ya'yanmu fa? In sun ɗauko ni, a wane ɗaki za ka kulle su?"

"Haba Talita..."

"Mahaifina zai hau jirgi shi kaɗai, ko lambar kujerarsa ba ya iya karantawa. Na zaɓe ka na bar shi! Ka san da haka?"

"Na sani. Wallahi ina sonki. Ba ki ji waƙar ba?"

"Na ji. To zo mu koma ciki. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka riƙe hannuna ka ce, ga mai waƙar."

Ta miƙa masa hannun. Har ga Allah, da ya kama, da ta yafe komai a wurin.

Sai ƙofar ƙasa ta buɗe, haske ya faɗo kan matattakalar. Isamu ne, da ragowar fastel a hannunsa.

"Kenta! Mutane suna jiranka. Lafiya dai? Ka san ta ne?"

Fabrício ya dubi hannun da ke miƙe. Ya dubi Isamu. Ya ja baya taki ɗaya.

"A'a. Hanyar tasha ce ta ɓace mata."

Wani abu ya mutu a ƙirjin Talita, ba tare da ƙara ba. Ta mayar da hannunta. Ta gyara tsayuwa, ta rusuna masa sosai, ta yi magana da Japanancin da waƙoƙinsa suka koya mata.

"Ku gafarce ni, na ɓata muku lokaci. Ta ina zan bi?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna.

"Dama... sai ki miƙe."

"Na gode da ɗawainiya."

Ba ta yi kuka a titi ba. Ba ta yi a layin shiga tasha ba. Sai da ta tsaya a bakin dandamali, rana tana dukan fuskarta, ta ciro waya ta kira gida.

"Alo? 'Yar Baba?"

Nan ne abin ya ɓalle. Ta durƙusa a tsakiyar mutane masu wucewa suna kawar da kai, tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Tsohon bai tambaye ta komai ba. Ya bar ta ta yi mai isarta, tana jin numfashinsa a cikin wayar.

"Baba... ya ce bai san ni ba."

"Ni na san ki," ya ce, muryarsa ta dushe. "Taho gida."

"Wane gidan?"

"Duk wanda kika zaɓa, 'yata."

Ta share fuska da bayan hannu. Jirgin ƙasa na Hamamatsu yana shigowa.

"Kar ka tafi ka bar ni, Baba. Tare za mu hau jirgin Brazil."