Cikin da Ya Riga Tarewa

"Fiddausi, mi na wanga?!"

Gwaggo Aminatu ce tsaye a tsakar ɗaki, ta ɗaga tsinken gwajin ciki da yatsu biyu kamar ta kamo kunama. Layi biyu ne jajaye a jikinsa, ko makaho ya shafa ya san zancen.

"Abin da kika gani shi na, Gwaggo."

"La ilaha illallahu! Ko kunya! Saura sati biyar biki, ki kwaso muna wagga magana?"

"Mijina na fa... Ba kwararo na tsinto shi ba."

Gaskiyarta kuwa. Wata huɗu ke nan da aka ɗaura aurenta da Zayyanu a ƙofar gidansu da ke Bodinga, aka ɗage tarewa sai ya cire albasarsa ya ƙarasa rufin ɗaki a Dandin Mahe. To amma zuciya ba ta san lissafin albasa ba. Ranar da ta je Shagari duba yayarsa da ta haihu, shi ya je ɗauko ta, kuma ba su dawo da wuri ba.

A gidansu kuwa, amarya ta tare da ciki abin faɗe ne har jikoki. Gwaggo ce ke kai 'ya'yan ƙannenta ɗakin miji, ita ke dawowa washegari da guɗa a baki. Amare shida ta kai, ba ta taɓa sunkuyar da kai ba.

Ta rage murya. "Akwai wata mata Kajiji, jiƙo ɗai taka badawa. Gobe da sahe mu tai. Kwana biyu an wuce wurin, babu mai ji."

Fiddausi ta dafe mararta ba tare da ta sani ba.

"Na je asibiti shekaranjiya. Malamar ta sake gwadawa, tac ce sati takwas na. Ta zaunar da ni, ta hwaɗa min duk abin da ke gabana, tac ce mata nawa jiƙon ga ya zubar ma jini har sunka mutu. Ta tambaye ni mi nike so. Ita kaɗai ta tambaye ni! Ina son abuna, Gwaggo."

Ta juya wajen mahaifiyarta. Inna na bakin gado tana murza gefen zani, hawaye na ɗiga. Shekara ashirin da biyu a gidan nan, ba ta taɓa musa wa yayar mijinta ba, ko a kan gishirin miya.

Fiddausi ta zagaya bayan rumbu ta kira Zayyanu. Tana jin ƙarar injin ban ruwa kafin ya kashe.

"Ciki?... Hasken idona, da gaske?" Dariya ta ƙwace masa. "Kai... Baba Attahiru zai ga na ci amanatai. Ko mu lallaɓa Gwaggo a ɓoye har biki? Sati biyar ɗai na..."

"Gobe da sahe za ta kai ni a zubar, kai kana ƙirga sati!"

"A zubar?!"

"Zayyanu, ina son ka har cikin raina, kai ma ka sani. Amma in ba ka zo ba kahin la'asar, da ƙahwata zan taho, ka ji labari bakin mutane."

"Ɗakin ko ƙyaure babu, Fiddausi..."

"A rataya buhu."

Ana sallame la'asar babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Ya durƙusa a zaure gaban Malam Attahiru, mahaifin Fiddausi, ya gaishe shi sau uku, bakinsa ya ƙi kaiwa ga maganar. Namiji ke nan, mai iya kwana yana faɗa da injin ruwa!

Sai ga Fiddausi ta shigo da jakarta. Ta zube gefen mijinta, ta faɗi abin da 'ya mace ba ta faɗa wa uba.

"Baba, ciki gare ni. Na Zayyanu na. Gwaggo ta ce a zubar don a yi biki da mutunci. Ni na yahe bikin. Ka yi min izini in bi mijina."

Ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Malam ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Kun ba ni kunya, ku biyun. Amma ni na amshi sadaki, ni na ba shi ke. Ba a kashe rai gidana don guɗa." Ya kau da kai. "Ki tashi ki tai. Allah shi sauke ki lahiya."

Ba lalle, ba kamu, ba ƙawaye. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don tun tana 'yar makaranta take zana ranar nan a ranta. Ta share ido ta fito tun rana ba ta faɗi ba, fuska a buɗe, matan unguwa na leƙe ta kan katanga.

Gwaggo ta biyo ta har ƙofa tana huci.

"Tahi! Mu ga macen da za ta raka ki. Amaryar da ta kai kanta!"

"Ni za ni raka ta."

Kowa ya waiga. Inna ce, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, ta karɓe jakar daga hannun Fiddausi, ta ɗaga hannu ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Khadijatu! Kin haukace? Ina kika taɓa ganin uwa ta kai ɗiya ɗakin miji?"

Inna ta amsa, duk layin ya ji ta.

"Yau ki gani, Yaya."

Fiddausi ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe. Zayyanu ya tada babur.