Fitilar Bayan Rumbu

Da almuru ne dutsen farko ya faɗo a kan rufin madafi, daidai lokacin da sabuwar fitilar ta kunna kanta.

Gidan tsohon tela yana ƙarshen ƙauye, bayansa babu komai sai ciyawa. A shekarar nan gwamnati ta raba wa gidajen karkara wutar sola: faranti a kan rufi, batir a ɗaki, ƙwan lantarki a tsakar gida. Ma'aikatan suka kafa wata fitila a lungun bayan rumbu, irin wadda ba ta da makunni. Rana na faɗuwa sai ta haska, ba ta mutuwa sai gari ya waye. Sharaɗi ɗaya suka bari: gidan da ya kashe ko ya cire wani abu, za a kwashe kayan duka a kai wa wani.

Jifa ya ci gaba kowane maraice. Daga nan Auta, 'yar tela da ke karatun jarrabawa a hasken, ta daina barci. Idanunta suka yi jawur, ta rame. Takan rufe fuska da tafin hannu, ta ce da muryar wani tsoho, "Ku kashe."

Da magani ya gagara, aka ɗauko Malam. Ya zauna kusa da tabarmarta, ya daɗe yana karatu, sannan ya tambaya, "Wane ne kai, me kake nema?"

"Hutu," in ji muryar, a gajiye. "Tun zamanin kakan telan nan muke raba gidan: rana tasu, duhu nawa. Ko ɗan tsako ban taɓa musu ba. Yanzu an kafa mini ranar da ba ta faɗuwa a ƙofar ɗaki. Na yi jifa, ba su gane ba. Na ce to, ita ma ta ɗanɗana."

"Fitilar gwamnati ce."

"Gwamnatin ta tambaye ni?"

"Mu ma ba ta cika tambayarmu ba," in ji Malam. "Amma yarinyar ba ta kafa komai ba. Sake ta."

"A kashe, in tafi."

Tela ya sunkuyar da kai. "Malam, in na kashe, za su kwashe duka. Idona ba ya ganin allura sai da hasken nan, ita kuma da shi take karatu."

Malam ya ce wa mai muryar, "Duhu nawa zai ishe ka?"

"Daga rumbu zuwa katanga."

Kafin isha tela ya ɗinka wa fitilar hula da baƙin yadi, ya rufe rabinta na baya. Lungun ya koma yadda yake. Auta ta yi atishawa, ta ce, "Inna, barci nake ji," da muryarta.

Da jami'in duba kaya ya zo, ya tsaya yana kallon hular.

"Baba, wannan fa?"

"Maƙwabci ne ya yi ƙorafi."

Jami'in ya leƙa ta kan katanga, ya ga ciyawa har iyakar gani. Ya sake duban fitilar. Tana aiki. Bai ƙara tambaya ba.