Da Bakinki, Zaliha

"Maimaita abin da kika ce mishi, Zaliha! Amma da Hausa!"

Zaliha ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zaninta. Mahaifinta, Malam Mati, bai taɓa ɗaga mata murya haka ba.

Tun tana ƙarama ta bar lakwal, wato makarantar boko. Da ta fara taya shi sayar da albasa a bakin titin Madawa, direbobin Abijan suka riƙa ruɗa ta da Faransanci. Shi ya sa ya roƙi Hamidu, malamin lakwal ɗan garin Keita da ake kira Mushe, wato Malam da Faransanci, ya dinga koya mata bayan la'asar.

Da albasa yake koya mata. Ya ɗaga biyu, "J'en ai deux." Ya nuna tuli, "J'en ai beaucoup." In an riga an ambaci abu, in ji shi, "en" ke tsaya masa, sai kawai a faɗi yawansa.

Ita da ko ido ba ta iya haɗawa da namiji, sai ga bakinta ya buɗe, cikin harshen da ba mai ji a gidan.

Ban da Altine, ɗiyar baffanta, wadda ta yi kwaleji, ta kuma daɗe da ƙyalla ido kan Mushe. Ita ta kai tsegumi, ga ta kuma yanzu tana nanatawa a gaban Malam Mati da Hamidu.

"Wallahi Baba, ba karatu ba na, zance na! Shi ko wasa yaka yi da ita, an kusa maida shi aiki garin Buza!"

Hamidu ya durƙusa. "Baba, aurenta nika so."

"Yi kurum! Ɗiyata ba ta taɓa cewa tana son kowa ba. In ba ta hwaɗi da bakinta ba, karatu ya ƙare, kai ma ka kama gabanka."

Hamidu ya juya ya dube ta.

"Zaliha, hasken idona," Hamidu ya ce a hankali, "yau ba ni iya taya ki."

Zaliha ta ɗago kai ta dubi mahaifinta.

"Ya tambaye ni... masoya nawa gare ni. Na ce j'en ai..."

"Da Hausa!"

"Na ce guda na, Baba."

"Wa?"

Ta runtse ido.

"Ga shi nan durƙushe gabanka!"

Ta rufe fuska, ta kwasa da gudu sai ɗakin innarta.

Malam Mati ya daɗe yana kallon ƙofar. Can ya goge ido da bakin rawaninsa.

"Tun da anka haihe ta, yau ta hwara roƙona wani abu. Tashi, Mushe. Turo magabatanka kahin a kai ka Buza."